Murfin Lagireto

Ni ba mawaƙi ba ne, gyaran lagireton mota nake yi a Magazin, unguwar makanikai. Waƙa ɗaya na taɓa rubutawa, ita ma haushi ne ya sa ni.

Da aka haifi ɗana na fari, na ƙudurta zan sa masa sunan Masta, tsohon mutumin Tamale da ya koya mini aiki, ya rasu bai bar ɗa ba. Ran suna da safe, tsakar gidanmu na Zongo cike da mutane, ana raba goro, sai Yaya, babban wanmu, ya sunkuya ya raɗa wa liman sunan mahaifinmu. Ko kallona bai yi ba. Aka shafa fatiha. A gidanmu ba a musa wa Yaya a gaban jama'a, don haka na haɗiye, har da murmushi.

Shekara biyu ina haɗiya. Gaisuwa ba ta yanke ba, amma na daina sa hannu a kwanon tuwon da muke ci tare tun muna yara. Kullum sai in ce na ci waje. Wallahi ƙarya nake, sau da yawa da yunwata nake kwana.

Wata rana aiki ya yi sauƙi, na yagi bayan kwalin kayan gyara na rubuta:

Mota tana tafe lafiya,
Ruwan cikinta yana shan wuya,
Murfi ya danne shi don kunya,
Direba na ta waƙa bisa hanya.

Na yi baiti bakwai, kowane layi da "ya" yake ƙarewa. Ƙarya ta shiga, ƙaya ta shiga, zuciya ta shiga. A na takwas na cije, kwana uku ba gaba ba baya.

Ran Juma'a bayan masallaci na kai wa Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda ke tsara waƙoƙin Mauludi a unguwa. Ya karanta a hankali, ya cire tabarau.

Ya ce, "Direban nan, tare kuke cin tuwo da shi a da ko?"

Na ce, "Kawu, waƙar mota ce."

"Mota ce mana. Ni ma jaki ne." Ya yi dariya. "Ka san abin da ya tsayar da kai? Amsa-amo ba bawanka ba ne. Ka zaɓi 'ya', ka kwashe kalmomin zafi duka, saura biyu a ƙasan buhu, su kake gudu."

Na san su sarai: Yaya, da yafiya. Kunya ta kama ni, haushin Kawu ma ya kama ni.

Ya ce, "Ku a Magazin, in lagireto ya ɗau zafi, fizge murfin kuke yi?"

Na ce a'a, tsumma ake sawa, a murɗa kaɗan, tururi ya fita.

"To kai ka rubuta haka da hannunka. Ka bar murfi a rufe, inji zai ƙone."

Washegari da azahar na tarar da Yaya zaune gaban kwano. Na zauna na karanta masa waƙar, har baiti na takwas da na ƙarasa da dare. Layin ƙarshe da sunan girmansa, Yaya, na rufe shi. Sannan na faɗi maganar Masta a fili, ba mota ba murfi.

Yaya ya cire hannu daga kwanon. Can ya ce, "Shekara biyu kana tafasa kusa da ni, ni kuwa ina ta waƙa." Bai ba ni haƙuri ba, Yaya bai iya wannan ba, har gobe.

Ɗana ya fito daga ɗaki yana tangaɗi. Da yake sunan mahaifinmu gare shi, ba mai kama sunan a gidan, kowa da abin da yake kiransa. Yaya ya turo kwanon tsakiyarmu, ya miƙa wa yaron hannu, ya ce, "Masta, zo ka ci tuwo da ubanka."