Kifin Bankwana a Pantai Dalam

Shekara biyu muka yi a gida ɗaya a Pantai Dalam, ni da abokin zamana, Kirista ɗan Jos wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri. Karatun digiri na uku ya kai mu Kuala Lumpur. Ni na gama nawa. Shi kuwa ciwon daji ya tare shi a hanya, har likitoci suka ce gara ya koma wurin iyalinsa.

Ana gobe zai tashi ya roƙe ni abu biyu. Cikinsa ya daina karɓar soyayyen abu, yana son farin kifi gasasshe a obin, da ɗan kofin farar giyar inabi mai sanyi, kamar yadda ya taɓa ci a gidan wani malaminsu.

Da safe na shiga kasuwar Chow Kit na zaɓo kifin da suke kira siakap, mai ƙyallin ido. Na shafe shi da tafarnuwa da citta da lemon tsami. Shagon giya kuwa ko kallonsa ban yi ba.

Ina saka kifin a obin ya ɗago daga kujera ya ce, yana kwaikwayon maganar mutanen garin, "Minti sha biyar kawai lah, Malam. Na san ku, sai ku yi masa dahuwar ganda." Sannan ya leƙa teburi. "To, ina abokiyar tafiyar kifin?"

Na dire masa jug ɗin zoɓo.

Da na ce ba zan iya saya ba na yi shiru, da ya fahimta. Mutumin da bai taɓa shigo da kwalba gidan nan ba saboda ni. Amma ina da bakin da ba ya sanin wurin tsayawa. Na hau shi da wa'azi, illar giya ga jiki, illarta ga iyali, har da cewa wanda ke halin da yake ciki ba lokacin wannan ba ne. Wallahi na faɗi haka. Ya zuba mini ido kawai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ƙauri ne ya katse ni. Kifin ya haura minti arba'in a wuta, ya bushe kamar banda.

Ya gutsura, ya daɗe yana taunawa, ya kora da zoɓo. Loma uku ya iya, ina ganin yadda haɗiyar ke yi masa wuya. Ya ajiye cokalin ya ce, "Ya yi daɗi, ɗan'uwa." Na so a ce zagina ya yi.

Bayan wata biyu matarsa ta kira ni daga Jos, ban bari ta ƙarasa ba na gane.

Ko yau aka dawo da ranar ba zan sayi giyar ba, wannan ban da shakka a kansa. Amma abu biyu ya roƙa, ɗaya halal ne tsantsa, minti sha biyar kawai yake bukata. Shi ma ban ba shi ba.