Abin da Aka Rubuta a Kati

Babana ya yi aikin jirgin ƙasa a Kafanchan har ya yi ritaya bai taɓa kwana a asibiti ba. A farkon shekarun casa'in ne ƙafarsa ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa idon sawu. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya, kuma in gudan ya ɓalle ya tafi huhu, to sai dai wani ba shi ba. Aka ɗora shi a kan maganin tsinka jini, wata 'yar farar ƙwaya, guda biyu kullum da yamma.

Likitan matashi ne, ba ya gajiya da bayani. Ya ce maganin nan sai an auna shi daidai: in ya yi kaɗan jini ya sake daskarewa, in ya yi yawa jini ya ƙi tsayawa, wani lokaci ma ya zuba ta ciki inda ido ba ya gani. Saboda haka duk mako biyu ana ɗibar jinin Baba, a sa a 'yar kwalba cikin ruwan ɗumi, a riƙe agogo a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya daskare. Da wannan ake sanin ko a ƙara magani ko a rage.

Yana kuma da wani babban littafi da yake rubuta duk masu shan maganin. Ya ce awon da ke cikin littattafansu a jikin Turawa aka gwada shi, shi kuwa yana so ya san wanda ya dace da mutanenmu. Ya nemi izinin Baba. Baba ya sa hannu da irin sa hannun nan nasa na ma'aikatan da, mai doguwar jela, ya dawo gida yana gaya wa maƙwabcinmu, wani Ibo da suka yi aiki tare, cewa yanzu da jininsa ake bincike.

Lokacin ina koyarwa a firamare a Kagoro, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Magani a hannun Mama yake. Baba bai taɓa duba katinsa na asibiti ba. Abin da ta miƙo masa da kofin ruwa shi yake haɗiyewa, kamar yadda yake cin abin da ta tuƙa.

Abin da zan faɗa yanzu, a lokacin ban san shi ba. A mako na uku Mama ta ga jini a asawakin Baba, washegari ma ta gani. Ba ta gaya wa kowa ba, ta mai da ƙwayar guda ɗaya. Jinin ya tsaya, ita kuma ta gamsu. Ragowar tana zubawa a wani gwangwanin madara, don a gidanmu ba a zubar da maganin asibiti, ana ajiyewa ne ko wani zai buƙata.

Ran awo, jinin Baba ya daskare da wuri. Likita ya tambaya ko yana shan magani kullum.

“Kullum, dokta,” in ji Mama. “Ko rana ɗaya bai pasa ba.”

Ba ƙarya ta yi ba, kullum ɗin yana sha. Mama mutuniyar gona ce, Hausarta ma ta kasuwa da coci ce, kuma a tarbiyyarsu ba a yi wa likita ko fasto gardama a fuska. Sai ka ce “to”, in ka koma gida ka yi abin da hankalinka ya ba ka. Likita ya mai da ƙwaya uku. Ta ce to, ta ci gaba da ba da ɗaya. Ya mai da huɗu, daga baya biyar. Na taɓa raka su na ji yana cewa a duk littafin babu wanda jikinsa ke cin magani kamar na Baba. Ni har daɗi na ji, kamar wani yabo aka yi mana.

Da hutun Kirsimeti ya zo, ƙanwata ta haihu a Fadan Kagoma, Mama ta tafi yi mata wankan jego. Ta bar mini gida, da miya a tukunya, da dogon gargaɗi a kan kaji. A kan magani kuwa, tana ƙofa da jakarta a ka ta juyo ta ce, “Ki ba shi kaɗan kaɗan.” Na ce to. Irin “to” ɗin da take ce wa likita na ce mata. Ni malama ce, mai jan biro, kuma a lokacin ina ganin duk abin da ba a rubuce yake ba hira ce kawai. Na ɗauko kati, na ga biyar, na ƙirga biyar.

Baba ya dubi tafin hannunsa.

“Yau da yawa haka?”

“Haka likita ya rubuta, Baba.”

“To, ke kin yi boko,” ya ce, ya watsa a baki.

Kullum ƙarfe shida nake ba shi, ina yi wa kalanda alama. Bayan kamar mako guda wani baƙin tabo ya fito a damtsensa, ya ce ƙila ƙofa ce ta buge shi. Sai haɓo da ya daɗe bai tsaya ba, na ce sanyi ne. An faɗa mana waɗannan alamun tun ranar farko, ina wurin. Amma ina bin kati daidai, ban kawo a raina cewa wanda ke bin kati zai iya yin ɓarna ba. Na ce ran awo ya kusa, sai mu faɗa.

Ba mu kai ranar ba. Wata safiya ya ce kansa na sarawa, ya bar kokonsa bai sha ba. Kafin rana ta take maganarsa ta karkace. Maƙwabcinmu ya samo mota muka kai shi asibiti.

An ɗebi jininsa, mai awon ya riƙe agogo har ya gaji, jinin bai daskare ba. Likita ya rasa gane kan abin, don a saninsa wata biyu ke nan Baba na shan biyar. Da yamma Mama ta iso a kan mashin, ta same mu a baranda.

“Nawa kina ba shi?” ta tambaye ni.

“Biyar.”

Ta zauna a ƙasa. A nan ta gaya wa likita komai, a hankali, kanta a sunkuye. Ya ce me ya hana ta faɗa masa tun ran da ta ga jini.

“Kai ka yi karatu, dokta. Yaya ni zan ce maka ka yi kuskure?”

Bai yi mata faɗa ba. Ya ce ƙwaya ɗayan da take bayarwa ma ba ta isa ba, da an ci gaba a haka wata rana gudan jinin ne zai ɗauke shi. Da ta faɗa, da ya rage kaɗan, shi ke nan. Ban san ko don ya sanyaya mini zuciya ya faɗi haka ba. Ba ta sanyaya ba.

An yi wa Baba allura, an ƙara masa jini, amma jini ya riga ya zuba a cikin kansa. Ya rasu a rana ta uku.

Ni da Mama ba mu taɓa zama mun raba laifin ba har ta bar duniya. Na ji haushinta, na ji haushin likitan, amma haushin kaina ya fi daɗewa. Dangi kuwa ba su san komai ba, sun ɗauka ciwon ne ya ci ƙarfinsa.

Ran ta'aziyya matan zumunta na coci suka cika tsakar gida suna waƙa. Shugabarsu ta ga kalandar nan a bango da alamomina jere, ta kamo hannuna ta ɗaga a gaban mutane.

“Ku ga yarinya,” ta ce. “Ko sau ɗaya ba ta bari babanta ya tsallake magani ba. Ubangiji ya ba mu irinta.”

Aka amsa da amin. Mama tana gefena a kan tabarma, ba ta ɗago ba. Na ce na gode.