Jajibirin Suna

Ranar Laraba ce, kwanana shida da haihuwa. Ina wankan jego a gidanmu, can bayan Abaji. Mijina yana wurin aiki cikin Abuja, sai yamma zai iso. Gida cike da mata, gobe suna. Ana daka, ana suyar cincin, Inna tana faɗa da ɗanyen itace.

Baba yana zaure. Malam Shehu Ticha, haka gari ke kiransa. Ya tsufa yana koyar da lissafi a firamare, da ya yi ritaya ya shimfiɗa buzu ya koma biya wa dattawa Alƙur'ani. Ko akuya ban taɓa jin ya daka wa tsawa ba. Da safen nan shi ya ɗebo mini ruwan wanka, Inna tana masa tsiya wai jika ta mayar da shi mai garuwa.

Ƙarfe bakwai da kwata muka ji babura. Da yawa. Wata ta ce 'yan suna sun yi sammako, aka kwashe da dariya. Sai harbi. Uku a jere, shiru, sannan ya ɓarke ta wajen kasuwa. Taɓare suka faɗi.

Baba ya shigo ba hula. Ya kife turmi a gindin katangar baya.

"Ku haura! Ɗaya bayan ɗaya!"

Shi yake tura su. Ni kuwa ban bi su ba. Ina bakin ƙofa rungume da jaririya, ina kallon man da ke tafasa.

"Bilkisu!"

Ni 'yar fari ce. Tunda aka haife ni Baba bai taɓa faɗin sunana ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Wallahi muryar nan ce ta tashe ni, ba bindiga ba. Ya karɓi jaririyar, ya miƙa wa Maman Joy, maƙwabciyarmu, da ke saman katanga. Ya ɗaga ni kamar buhu. Na ji ɗinkin haihuwata ya ɓalle.

Daga saman katangar na waiwaya. Bai hau turmin ba. Saura mata shida, babura kuma sun shigo layinmu. Na ga ya nufi zaure. Na ji ƙarar ƙofar ƙarfe, na ji kwaɗo. Ta waje ya kulle, shi yana wajen.

Bakwai da rabi muna kwance cikin gonar rogo. Muna jin 'yan bindigar a ƙofar gida.

"Buɗe!"

Baba yana magana, a hankali, yadda yake yi wa ɗalibi mai taurin kai. Ban ji me ya ce ba.

"Buɗe, tsoho!"

Ana dukan ƙofa. Mata suna dirowa, ina ƙirgawa. Huɗu. Biyar. Inna ce ta shida, ta faɗo a kan gwiwarta. Sai harbi biyu, kusa. Maganar ta tsaya.

Inna ta yunƙura za ta koma. Maman Joy ta danne ta, ta toshe mata baki da zani. Ni ban yi kuka ba. Nono na cusa wa yarinyar don kada ta tona mu, ina tsine musu a zuciya. Har yau ban daina ba, Allah ya isa.

Muka rarrafa, muka bi rafi. Jini yana bin ƙafata. Hayaƙi ya tashi a bayanmu. Sha ɗaya saura muka fito titin Lokoja, wata motar doya ta kwashe mu.

Washegari maza suka koma da sojoji. A bakin zaure suka sami Baba. Makullin yana cikin kwata, inda ya jefa shi. An binne shi tare da ladan da ɗalibansa biyu. Cikin matan gidan ba a rasa ko ɗaya ba.

Ranar Asabar aka yi suna a ɗakinmu na Jikwoyi, mutum bai fi goma ba. Liman ya tambayi sunan da aka yi wa yarinya huɗuba da shi. Mijina ya dube ni, na dubi Inna. Ashe tun ranar haihuwa mijina ya bar wa Baba zaɓi ta waya. Baba ya raɗa wa jaririyar sunan a kunne, ya ce kowa ya jira ranar suna. Ko Inna bai gaya wa ba.

Liman ya jira, ya gaji, ya ce a sa Maryam.

Yanzu shekararta uku. Maryam muke kiranta, tana amsawa. Wancan sunan, ita kaɗai ta ji shi, tana da wuni ɗaya a duniya.