Tumakin da Na Kora a Sikotlan

Tun da na dawo daga wurin 'yata a Sikotlan, matan zumunta na cocinmu a unguwar Yelwa ta Mubi ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce ɗanta zai ɗauke ta baɗi, me za ta sa a jaka. Waccan ta ce ina ne ya fi kyan gani. Ina gaya musu abin da na sani. A tafi da rigar ruwa ko an ce miki lokacin zafinsu ne, don ruwan can ba ya haɗa hadari kafin ya sauko. A tafi da takalmi mai rufi da kauri. In za a shiga ƙauye a nemi man korar ƙwari, akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ba su kai sauro ba amma sun fi shi rashin mutunci. Abin da ya tsaya mini a rai kuwa ban cika faɗa musu ba.

'Yata ta fari nas ce a Gilasgo. Ta ɗauki hutun mako guda, ta yi hayar mota, wai za ta nuna mini ƙasa. Na san yawon yana da dalili. Maigidana ya rasu ya bar gona a bayan ƙauyen Gella, da 'yan ɗakuna biyu a gefenta inda aka haife shi. Wani ɗan kasuwa ya saye gonakin da ke kewaye da ita, yana so ya haɗa da tamu ya zagaye da waya ya zuba shanu. Yarana uku duk sun yarda a sayar, ita da ƙannenta biyu da ke Yola da Abuja. Ni kaɗai ake jira, kuma na yi mata alkawarin amsa kafin in hau jirgin komawa.

Edinbara muka fara zuwa. Akwai tsohuwar fada a kan dutse a tsakiyar gari, wadda duk baƙo sai an kai shi. Ku je da safe kafin mutane su cika, kuma mai ciwon gwiwa ta sha maganinta tun a gida. A bakin hanyar fadar na ga ƙaton namiji, da gemunsa da komai, sanye da siket iya gwiwa, yana busa wata algaita mai jaka a hammata. Na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare, na nuna wa yara wannan ƙasa a taswira ba sau ɗaya ba, ba wanda ya taɓa gaya mini haka mazansu ke fita. Na kau da kai saboda kunya. 'Yata kuwa dariya har da riƙe ciki, ta ce kayan girmansu ke nan, da shi ake ɗaurin aure.

Kwana biyu bayan haka muka nufi arewa, cikin duwatsu. Hanya ta yi ta tsukewa har ta zama ta mota ɗaya. In kun haɗu da wata motar, ɗaya zai raɓe a wani ɗan fili da aka tanada, ɗayan ya wuce ya ɗaga masa hannu. A duk zamana a ƙasar, nan ne kaɗai na ga ana gaida wanda ba a sani ba. Tafkuna ga su nan manya-manya, ruwa baƙi ƙirin, ba mai wanki, ba mai ɗiba. Shanunsu gashi ya rufe musu ido, har na rasa yadda suke ganin ciyawa. Duwatsun sun tuna mini da na Michika, sai dai kore shar. Muka yi tafiyar fiye da awa ɗaya ban ga gona ba, ban ga hayaƙin girki ba. Na ce, “Ke, ina mutanen ƙasar nan?” Ta ce, “Mama, ai shirun ne ake zuwa gani.”

A wata kwana muka tarar da tumaki kwance a tsakiyar kwalta, an shafa musu shuɗin fenti a baya, da wani ɗan tunkiya yana ɗingishi. Na duba gabas na duba yamma, babu makiyayi. Mu dai a gida, in ka ga dabbar mutum ta ɓace a bakin titi, kora ta kake yi zuwa gidan mai ita, in ba ka san shi ba ka kai wa mai unguwa. In ka wuce mota ta buge ta, kai ma da laifinka. Na ce ta tsaya. Ta ɗauka hoto nake so. Na fito, na gyara ɗaurin zanina a kan wandon sanyin da ta sa ni sakawa, na ɗauki lema na kama kora.

“Mama, haka ake barinsu. Ki dawo, don Allah.”

“Haka ake barinsu a gidan wa? Ku dai kun zo Turai kun manta da hankali.”

Can sama, bayan wani ɗan rafi, na hango bangon gida na dutse. Na nufa da su can. Ba su ba ni wahala ba ko kaɗan, sun san hanya, har na ce a raina lallai na dace da gidan. Ina haki na isa ƙofa na yi sallama da Hausa, na tuna inda nake na sake yi da Turanci. Shiru. Tumakin suka wuce ni suka shige ciki, na bi su.

Gidan ba rufi. Ciyawa ta kai mini gwiwa a tsakiyar ɗaki. Ga murhu nan a jikin bango, dutsensa har yanzu da alamar baƙi, tumakin suka je suka kwanta a gabansa. Na fito da baya da baya. Sai a lokacin na lura ba gida ɗaya ba ne. Ga wani, ga wani, wasu bangonsu iya ƙugu, wasu sai tushe. A gangaren dutsen kuma na ga abin da ba sai an gaya wa 'yar manomi ba: kunyoyin noma ne, layi-layi, ciyawa ta rufe su amma ba ta ɓoye su ba. Na zauna a kan wani dutse.

'Yata ta iso tare da wani dattijo Bature da karensa. Shi ne ke leƙa tumakin, kwana biyu ko uku sau ɗaya. Da ya ji abin da na yi ya yi dariya, ya gode mini. Turancinsa ya fi ƙarfina, sai 'yata ke fassarawa. Na ce ta tambaye shi annoba ce ta cinye garin ko yaƙi. Ya ce babu ko ɗaya. Wajen shekara ɗari biyu da suka wuce, attajiran da suka mallaki ƙasar suka ga tumaki sun fi mutane riba, suka tashi mutanen. Wasu an kwashe musu rufi, wasu suka shiga jirgin ruwa ba su sake dawowa ba. Yana cikin magana wata doguwar bas ta tsaya a ƙasa, 'yan yawon buɗe ido suka fito suna murmushi suna ɗaukar hoto, kufan yana bayansu.

Wallahi ban taɓa jin abu ya girgiza ni haka a ƙasar mutane ba. Shekarar da 'yan bindiga suka sa muka bar Mubi da ƙafa, muka bi ta duwatsu har bakin iyakar Kamaru, na dawo bayan watanni na tarar ciyawa ta tsiro a tsakar gidana, awakin da ban san masu su ba suna kwance a kicin. Na yi kuka, na share, na hura wuta. Mu mun dawo. Waɗannan ba su dawo ba, ga shi yau ana biyo hanya mai nisa don a ga kyan wurin da aka kore su.

Da dattijon ya tafi na ce mata, “Amsar da kike jira, ga ta. Ba zan sayar ba. Ba zan bari shanun wani su kwanta a ɗakin da aka haifi ubanku ba.”

Na zaci za ta yi musu, na shirya mata tsaf. Ba ta yi ba. Ta zauna kusa da ni, ta daɗe tana kallon kunyoyin nan.

“To, Mama. Amma wa zai noma?”

Na ce ƙannenta.

“Kin san ba za su koma ba. Ni ma ba zan koma ba.” Ta faɗa a hankali, ba faɗa a muryarta. “Su waɗannan korarsu aka yi. Mu kuwa ke kika ce mu yi karatu kada mu ƙare a gona. Ke kika raka ni tasha, kika ce kada in waiwayo.”

Gaskiya ce. Na faɗa mata haka, kuma da alfahari na faɗa, a gaban mutane.

Sauran kwanakin ta kai ni wani tsibiri da ake hayewa ta gada, ta kai ni tafkin da ake cewa akwai dodo a ciki. An ce duk suna da kyau. Ban riƙe komai ba.

Ban sayar da gonar ba. Ɗan kasuwan ya zagaye nasa da waya ta gefe uku, tamu tana tsakiya. Da damina ina shiga ƙaramar bas daga Mubi zuwa Gella, in shuka abin da gwiwata ta yarda, ɗan gyaɗa da ɗan wake a bakin ɗakunan. Bara kunya goma sha biyu na iya. Bana takwas.