Ba Kai Ka Sa Zakin Ba

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, ina tsaye a ɗakin ajiyar kaya inda nake aikin ɗaure kwalaye, ƙanwarka ta kira ni. Ta ce, "Yaya ya cika da hantsi." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na mayar da wayar aljihu, na ƙarasa ɗaure kwalin da ke gabana. Har yau ban yi kuka ba. Ba taurin zuciya ba ne. Abin ne bai gama isowa ba, kamar duk abin da ke tahowa daga gida.

Mai Kunne muke ce maka. Aikinka a gandun dajin gwamnati ɗaukar sauti ne. Baƙo ya zo ƙofa, a ba shi 'yar na'ura ya sa a kunne. Duk turke mai lamba da ya isa a hanya ya danna lambar, sai muryarka ta gaya masa yadda ruwa ya ci dutse har ya zama kogo, da amfanin ɓawon itacen da ke gabansa, da labarin mutanen da suka haƙa tsohuwar rijiya kafin a tashe su. Kai ke ɗauka, ni ke tacewa. Da na gaji na bar ƙasar ba ka yi mini gori ba. Ka ci gaba da turo mini aiki ina yi ranar hutu, wai kada hannuna ya mutu.

Babu takalmi kake bin tsuntsu in za ka ɗauki kukansa, don busasshen ganye ba ya rufa wa mai takalmi asiri. Ƙaya ta sha ƙafarka. Ni kuwa ba ka yarda in raka ka sai na karya kumallo, wai cikina ya fi kwaɗi surutu. Da mahaifiyata ta kwanta ciwonta na ajali, kai ka riƙa zuwa kana riƙe mata waya a kunne don mu yi magana. In barci ya ɗauke ta ba ka kashewa. Sai ka ce a hankali, "Tsaya ka ji numfashinta."

A turke na bakwai akwai tafkin da zakuna ke shan ruwa a da. Sun daɗe da ƙarewa. Shugaban gandun ya so a samo gurnanin zakin wani wuri a saka. Ka ce, "Ranka ya daɗe, dajin da ba shi da zaki ba zan aro masa ba. Wanda ya ji gurnani ba zai tambayi inda suka tafi ba." Sai ka sa muryar tsohon mai gadi yana ba da labarin zaki na ƙarshe da ya ji, bayansa iska da kukan kurciya.

Jiya shugaban ya kira ni gaisuwa. Ya yabe ka, kuma da gaske yake. Kafin ya ajiye ya ce, "To, maganar zakin nan fa?" Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Baƙi sun ja baya, kuma akwai masu iyali da abincinsu ke bakin wannan ƙofa. Na ce ni dai ba da hannuna ba. Ya ce ba komai, akwai mai yi. Kuma za a yi. Daga nan inda nake, ko ɗakin da nake kwana ba ni da iko da shi, balle daji.

Shi ya sa na rubuta wannan. Duk wanda ya tsaya a turke na bakwai ya ji muryarka, sannan ya ji zaki ya biyo baya, ya sani bayan ranka aka sa shi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka da ƙanwarka, da tsohon mai gadi da aka ce shi ya yi maka wanka. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ku yafe mini rashin zuwa. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.