Mun Tafi Neman Iskar Gida

Gusau, kafin asuba

Tun ba a kira sallar asuba ba Inna ta gama shiri. Na fito ina muttsuke ido na tarar da ita zaune bisa akwatinta na ƙarfe a tsakar gida, carbi a hannu, ƙirjinta na yin ɗan fiton nan da muka saba ji. Inna mahaifiyata ce. Tun bayan rasuwar Baba ta dawo wurina a Sabon Gari, kuma tun lokacin numfashi ke ba ta wahala. Likita ya ce asma ce, a nisanta ta da hayaƙi. Ita kuwa ta yanke nata hukuncin: iskar birni ce, ta janareto da keke mai ƙafa uku. Maganinta ɗaya ne, a mayar da ita ƙauyensu a bayan Tsafe, ta shaƙi iskar daji.

Na ce, "Inna, ziyara fa muka ce. Wannan akwatin na mene ne?"

Ta ce, "Mi ya dame ki da akwatina? Ke za ki ɗauka?"

Na san abin da ke ciki: zannuwanta, tasoshinta, da farin yadin da ta saya ta ajiye don likkafani. Wanda ya ɗauki wannan bai yi niyyar dawowa ba. In iskar can ta karɓe ta, zan dawo ni kaɗai. In ba ta karɓe ta ba, ban san inda za ta ƙara kira gida ba. Duka biyun tsoro suke ba ni.

Maƙwabciyata Sista Rahila, ma'aikaciyar jinya, ta leƙo ta katanga ta miƙo mini maganin fesawa a baki. Ta ce, "Malama, a hannunki zai zauna, ba a ƙasan jaka ba. Mama, Allah ya kai lafiya." Inna ta sa mata albarka, muka fita.

Hanyar Tsafe

A tasha mota ta cika da wuri, amma direba ya ƙi tashi sai da rana ta fito sosai. Wani fasinja ya fara mita, direban ya ce, "Alhaji, hanyar nan ba a yi mata sammako. In sauri kake, ga ƙafa." Kowa ya gane 'yan bindiga yake nufi. An ɗaure akwatin Inna a bayan mota, ita kuma ta sa ni na leƙa har sau biyu in tabbatar igiyar ta kama.

Tafiyar kamar ta awa guda ce in ba a tsaya ba, amma shingayen jami'an tsaro sun ja ta. A ɗaya wani soja ya leƙo, ya ga Inna, ya ce, "Mama sannu," ya ɗaga mana hannu. Ba mu yi nisa ba barci ya ɗauke ta a kafaɗata, na kuwa gode wa Allah, don abin da ke bakin titi ba zai yi mata daɗin gani ba. Buhunan gawayi ne jere, an toshe bakinsu da ganye, wasu sun fi mutum tsawo. Bayansu fili ne fetal, ga hayaƙi na tashi nan da can. Bazara ce, manoma na sharar gona suna ƙona tushiya da ƙaya kafin ruwa ya sauka.

Na tambayi direba ko da can haka gawayin yake da yawa. Ya ce, "Ina! Mutanen da tsoro ya hana zuwa gonakinsu na nesa ne suka dawo kusa da titi. Mai iyali ba ya zama. Wanda ya samu fili ya sare ya noma, wanda bai samu ba ya sare ya ƙona."

A Tsafe muka karya da koko da ƙosai a gefen tasha. Inna ta ci da kyau, har tana tsokanar mai ƙosan wai mai ya yi mata kaɗan. Muka ɗauki babura uku, ɗaya nata, ɗaya nawa, ɗaya na akwati.

Ƙauyen su Inna

Mun bar kwalta muka bi jar hanya. Ina bayan Inna ina kallon yadda take waige-waige. Can ta dafa kafaɗar mai babur ta sa shi ya tsaya.

"Malam, ka ɓace hanya. Ina dajin?"

Ya ce, "Wane daji, Inna?"

Ta fara lissafa masa: nan akwai marke, can kirya, gaba kaɗan kaɗanya har bakin rafi, inda suke tsintar 'ya'yanta suna 'yan mata. Mutumin ya saurara da ladabi, ya ce shi dai tun da ya fara sana'ar nan gonaki ya sani. Ta gyara zama, muka ci gaba.

Kawu Sani, ƙanenta, ya tarbe mu a ƙofar gida yana dariya da hawaye tare. Matarsa Hanne ta kawo ruwa da fura, aka yanka kaza, maƙwabta suka cika gidan. Da aka natsa Inna ta tambaye shi dajin. Ya sunkuyar da kai ya ce rabi ya zama gona, rabi motoci sun kwashe. Sai ya ɗago ya ce, "Amma ɗorawarki tana nan, Yaya. Masu gawayi sun zo sun taya, na ce ba tawa ba ce." A wurinsu gona daban itace daban. Gonar ta Kawu ce, ɗorawar kuwa gadon Inna ce daga mahaifiyarsu, ba mai taɓa ta sai da izininta.

Da la'asar muka je. Ɗorawar kaɗai ce tsaye a tsakiyar fili. Inna ta dafa ta da tafin hannu ta daɗe, kamar mai gaida tsohuwar ƙawa. Ni kuwa idona sai yaji yake yi. Ba iska, hayaƙin gonaki ya kwanta bisa ƙauyen ya ƙi tashi, rana ta yi ja tun ba ta kusa faɗuwa ba.

Ni malamar kimiyya ce, kuma halin malami ba ya ɓuya. Na tasa Kawu a gaba. Na ce masa hayaƙin nan cike yake da ƙananan ƙwayoyi da suka fi garin tuwo laushi, suna wucewa har can cikin huhu. Na ce zafin ranar nan yana dafa hayaƙin ya mayar da wani sashensa wata iska da ido ba ya gani, mai ƙaiƙayin maƙogwaro, mai cutar da ganyen shuka ma. A da itatuwa ke tare wani abin, suna rufe ƙasa da inuwa, yanzu ƙasar tsirara take, ga takin zamani shi ma yana sakin nasa.

Kawu ya saurare ni har na gaji. Ya ce, "Na ji, Malama. To in ban ƙona ba, ƙayar nan wa za ya kwashe? Ruwa na bisa hanya, bakuna na cikin gida." Gaskiyata ba ta kashe tasa ba.

Bayan magariba abin da nake tsoro ya faru, ta inda ban zata ba. Hanne, don ta girmama yayar mijinta, ta share ɗaki ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta zuba turaren wuta mai kyau a kasko, ta ja ƙofa don ƙanshi ya kama. Haka ake yi wa babban baƙo. Ina can bayan gida ina alwala Inna ta shiga. Ta san abin da hayaƙin zai yi mata sarai, amma kunya ta hana ta fita, kada a ce ta raina karamci. Ta zauna tana yaba turaren.

Ihun Hanne na ji. Na tarar da Inna ta dafe ƙirji, ido waje, magana ta gagara. Allah ya saka wa Sista Rahila, maganin yana ɗaure a bakin zanina. Na fesa mata, Kawu ya ɗauke ta cak ya fito da ita tsakar gida don ta sha iska. To wace iskar? Wajen ma hayaƙi ne. Ya tsaya da ita a hannu yana juyawa gabas da yamma, ya rasa inda zai kai ta. Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba.

Ya kwantar da ita a cinyata, ya ɗauki shebur ya fita ya turbuɗe wutar gonarsa da ƙasa. Ta maƙwabta tana nan tana ci. Sannu a hankali numfashin Inna ya dawo. Abin da ta fara yi shi ne kamo hannun Hanne da ke kuka, ta ce, "Bari kuka, ƙanwata. Turarenki shina da daɗi. Ƙirjin ne ba shi da kunya."

Da safe ta ce a ɗaure akwati. Kawu bai roƙe ta ta zauna ba, ya dai raka mu har Tsafe. Da za mu shiga mota ta ce masa, "Ɗorawar nan, ko bayan raina." Ya ce, "Na ji, Yaya."

Furfuri, ƙasar Bungudu

Na zata gida za mu. Muna isowa tashar Gusau Inna ta ce ba nan za ta sauka ba, wurin ƙanwarta Gwaggo Lami za ta, a Furfuri. Na ce, "Inna, ga gida nan kusa!" Ta ce, "Na fita da akwati jiya in komo da shi yau? Mi Sista za ta ce?" Kafiya dai a wurinta na gada. Muka canja mota muka ɗauki hanyar Bungudu, tafiya ce 'yar kaɗan.

Gidan Gwaggo yana kusa da fadama, da mangwarori a bayansa. Na riga kowa shiga na ce don Allah kada a kunna turare, aka yi ta yi mini dariya. Nan Inna ta samu sauƙi, musamman da safe. Ita da Gwaggo suna zama a inuwa suna ɓare gyaɗa, suna gulmar mutanen da suka daɗe da rasuwa.

Mijin Gwaggo, Malam Iro, ya zagaya da ni gonarsa. Shi ba ya ƙonawa. Yana barin tohon gawo da kalgo su girma a tsakanin kunya, karan dawa kuma wani Bafulatani abokinsa ke kawo shanu su cinye, su bar masa taki. Ya ce a da kowa haka yake yi, amma an nome burtalin da shanu ke bi, ga rashin yarda da ya shiga tsakani, garke ya daina zuwa yawancin gonaki, sai ashana ta maye gurbin saniya. Duk da haka, da rana ta take, hayaƙin wasu gonakin da na buntun shinkafa yakan iso har gindin mangwaronsa, fiton ƙirjin Inna ya dawo.

Ana haka wata la'asar gabas ta haɗe. Aka yi guguwa muka ruga ɗaki, sai ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita Inna ta fito ba takalmi ta tsaya a tsakar gida. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ko'ina, ana hango bishiyoyin nesa tar. Ta ja numfashi mai tsawo, ta sake ja, ba fito ko kaɗan.

Ta ce, "Ga ta nan. Wagga ita na zo nema."

Na ce mata ruwan ne ya wanke sama, kuma damina na kashe wutar gona. Ta tambaya zuwa yaushe. Na ce har kaka, in aka fara ƙona kara. Ta gyaɗa kai. Gwaggo ta roƙe ta ta zauna, Inna ta ce da damina za ta riƙa zuwa, amma mai irin ƙirjinta gara ya kwana kusa da asibiti. Na juya na shiga ɗaki don kada su ga fuskata.

Gusau, dawowa

Mun iso gida da hantsi. Sista Rahila ta fito da murna, Inna ta ce mata iskar ƙauye ta gaishe ta. Na shiga kicin in ɗora ruwa, na jawo buhun gawayin da nake girki da shi a waje saboda ita. Ban san ta biyo ni ba. Ta sunkuya ta ɗauki guda ɗaya, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta duba zanen jikinsa.

Ta ce, "Kirya ce wannan. Irin ta bakin rafinmu." Ta ɗan yi murmushi. "Mun sha hanya muna neman daji, ɗiyata, ashe shina nan cikin kicin ɗinki."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo. Har yau hannuna yana nauyi in zan ɗebi gawayi, ga gas ba kullum ake iya saye ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Kawu Sani da Hanne, da Gwaggo Lami da Malam Iro, da direbobin da suka yi haƙuri da akwatinmu, da Sista Rahila wadda maganinta ya tsaya mana. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya ba manoma damina mai albarka.

Da yamma Inna ta ce in shigar mata da akwatin ƙuryar ɗaki. Ta buɗe ta fito da zannuwa da tasoshi ta jera, farin yadin kawai ta bari a ciki. Sai ta kwance bakin zaninta, ta ciro gawayin nan na kirya, ta naɗe shi a tsumma, ta ajiye shi kusa da yadin, ta rufe.