Ƙusa ta Uku

Da asubar fari muka tashi daga Kazaure, ni da maigidana, a tsohuwar motar marigayi Baba ƙirar 404, za mu birni neman ƙusa. Ƙusa ɗaya ta tayar baya ta karye, irin wadda ake ɗaure noti a kanta, kuma an rasa irinta a garinmu. Yayyena sun yanke hukunci: in motar ba ta gyaru kafin Juma'a ba, 'yan gwangwan za a kira su farfasa ta. Na ga Inna tana share gilashin da gefen mayafinta.

Tayar wannan motar ƙusa uku gare ta kacal. Maigida ya ce biyu ma sun isa. Sai ga shi a Ɗambatta ya tsaya ɗaure noti, a Kunya ma haka, masu babur ɗauke da buhuna suna wuce mu suna ɗaga mana hannu. Ni dai salati nake yi ina cin ƙosai.

Mun zaga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa har hantsi. Kowa ya ga guntun ƙusar sai ya yi dariya ya kira maƙwabcinsa. Daga ƙarshe aka kwatanta mana wani tsohon makanike a Gwammaja, cikin lungun da da ƙyar motar ta shige.

Dattijon ya duƙa ya duba, ya ce, "Da biyu kuka zo tun daga Kazaure? Hajiya, kin taɓa ɗora tukunya a murhu mai dutse biyu?"

Maigida ya shiga duba wayarsa.

Tsohon ya zazzage wani gwangwanin madara, ya tsamo ƙusoshi uku naɗe a tsumma mai mai. Ya ɗaga motar da jak, ya fitar da ragowar guntun da guduma, ya zuro sabuwa ta baya, ya dinga jan ta da noti a hankali har ta zauna daram. Sauran biyun ma ya canza, wai sun gaji da ɗaukar kayan 'yar'uwarsu. Muka ci gurasa bandashe muna kallo. Ta ƙara kuɗi, ta rage faɗi, amma daɗin yana nan.

Kafin magariba muka iso gida, ba mu tsaya ko sau ɗaya ba. Na koyi cewa tsohon abu ba ya rasa mai gyara, sai dai a gaji da tambaya. Inna ta ji hon ta fito ba takalmi, ta dafa motar ta ce, "Sannu da zuwa." Ba da mu take ba.